Injinan Gas da Gudummawar Gobara a Ƙasar Hausa

Gobara tana cikin masifun da Bahaushe ya daɗe da saninsu, ya kuma tanadar mata tsari tun kafin zuwan motar 'yan kwana-kwana. Da zarar an ji kururuwa, ko an hangi hayaƙi ya turnuƙe a wani gida, ba a jiran gayyata. Magidanta su fito da bokitai da tuluna, wasu su ɗebi ƙasa, samari su hau su yaye jinka su kwantar da dannin da ke kusa domin kada wutar ta tsallaka, mata kuma su kwashe yara da abin da ya sawwaƙa na kaya. Wanda ya ji ihu ya yi zamansa, to ya sayi abin kunyar da zai bi shi har 'ya'yansa. Wannan ɗabi'a ita ake kira gudummawa, da ita kuwa aka tsirar da unguwanni da garuruwa a zamanin da ginin jama'a bai wuce zana da kara da azara ba. Tsarin ya ginu ne a kan abubuwa uku da ba a taɓa shakkarsu ba, wato a matsa kusa da wuta, a taru da yawa, a kuma kashe harshenta da gaggawa.

Sai dai wutar da ake kai wa gudummawa a yau ta sauya. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 ya kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ya wuce 1,000. Talaka bai tsaya jiran kowa ba. Mai shagon aski da mai sayar da ruwan sanyi suka kai janaretonsu wurin bakanike, aka sauya masa kafireto, ya koma shan gas ɗin girki. Manoman rani a fadamun Arewa suka riƙa goya tukunyar gas a bayan babur zuwa bakin rafi domin tayar da injin ban-ruwa. Ita ma gwamnati, a cikin wannan shekara ta 2023, ta kafa shirin mayar da motoci da Keke Napep su koma amfani da iskar CNG, ga kuma bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ma'ana dai, injin da ke aiki da iska mai kamawa da wuta ya bar masana'anta, ya shigo tsakar gida da kasuwa da gona da tasha, har da harabar makaranta.

Injin ya shigo, amma sanin abin yi idan ya yi tutsu bai biyo shi ba. Mintuna goma na farkon kowane haɗari ba sa hannun 'yan kwana-kwana, suna hannun maƙwabci da ɗan kasuwa da direba da malamin aji. Idan waɗannan mutane suka fuskanci gobarar gas da ilimin gobarar jinka, to kowane ɗaya daga cikin abubuwa ukun da aka ambata yana iya zama ajalinsu. Don haka koyar da wannan sani da harshen da jama'a ke kururuwa da shi ya zama wajibi, kuma makaranta ce wurin da ya fi dacewa a fara.

Suna ɗaya, hali daban-daban

Matsalar ta fara ne tun daga kalma. A bakin direbobi da masu gidajen mai na Arewacin Nijeriya, "gas" na nufin man dizal da manyan motoci ke sha. A bakin uwargida, "gas" shi ne abin da ke cikin tukunyar girki. A wurin mai walda, shi ne iskar da ke fita idan an jiƙa kabayid da ruwa. Yanzu kuma ga CNG ya shigo ya raɓu da sunan. Abubuwa huɗu ke nan a ƙarƙashin kalma ɗaya ta aro. Idan mutum ya buga waya a ruɗe ya ce motar gas ta kama da wuta a bakin tasha, jami'in da ya ɗauki wayar ba shi da hanyar sanin ko tirela ce mai shan dizal, ko tanka ce ɗauke da gas ɗin girki, ko kuwa tasi ce mai tukunyar CNG a but. Alhali kuwa shirin da za a yi wa kowace daban ne, nisan da za a kori jama'a ma daban ne.

Gas ɗin girki, wanda ake rubuta wa LPG, ruwa ne muddin yana cikin tukunya. Idan ya fito sai ya zama iska, lita ɗaya ta ruwan ta kumbura ta zama kimanin lita 250. Ya fi iskar da ake shaƙa nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, saboda haka ba ya tashi sama ya watse. Kwanciya yake yi, ya bi ƙasa kamar ruwa, ya gangara kwata da rami da ƙarƙashin gado, ya tafi neman wuta har inda take. Kashi 2 cikin 100 kawai yake buƙata ya gauraya da iskar ɗaki kafin ya kama. Ɗakin da ke da mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a bisa, yana ɗaukar iska lita 48,000. Kashi 2 cikin 100 na wannan bai cika lita 1,000 ba, abin da kimanin kilo 2 na gas zai bayar. Tukunyar da aka fi amfani da ita kuwa kilo 12.5 take ci. Ke nan ba sai ta zube duka ba kafin shago ya zama tarko.

CNG kuma akasin haka yake. Ya fi iska sauƙi, idan ya tsiyaye a fili sai ya yi sama ya ɓace, sai fa idan rufin gareji ko na rumfa ya tare shi. Ba ya kamawa sai ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin. Haɗarinsa yana wajen matsi. Ana ɗura shi a tukunya da ƙarfin da ya kai ma'aunin ba 200, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce ba 2 da ɗoriya ba. Duk wanda ya taɓa jin ƙarar fashewar taya, sai ya ninka abin da ke bayanta sau kusan 100. Tukunyar gas ɗin girki ba a ƙera ta don ta ɗauki ko kusa da wannan matsi ba. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse ana cikin ɗura mata CNG a unguwar Aduwawa ta birnin Benin, mutane suka jikkata, hukumar shirin CNG ta ƙasa kuma ta bayyana cewa tukunyar da ke cikin motar haɗin walda ce da ba a amince da ita ba. A nan ko ashana ba a buƙata, matsi kaɗai ya isa.

Shi kuwa gas ɗin walda, wato asitilin, ya fi su duka rashin haƙuri. Yana kamawa tun daga kashi 2.5 har sama da kashi 80 cikin 100, kuma tukunyarsa idan ta sha zafi tana iya ci gaba da dahuwa a ciki, ta fashe bayan an kashe wutar waje an watse.

Masana Hausa sun taɓa zama suka ƙirƙiro ɗaruruwan kalmomi don koyar da nahawu da adabi, aka buga su a 1990. Babu dalilin da zai hana a yi wa rayukan jama'a irin hidimar da aka yi wa nahawu. Ba a bukatar kalmomi masu nauyin baki. Da za a saba da cewa "gas mai kwanciya" ga na girki, "gas mai tashi" ga CNG, da sunan kansa ya koya wa yaro inda zai gudu: mai kwanciya a guje masa zuwa tudu, mai tashi a buɗe masa sama. Sunan da ya ɗauki umurni a cikinsa ya fi fassarar da ta tsaya kwaikwayon haruffan Turanci amfani a ranar tashin hankali.

Inda gudummawa ke komawa asara

Abu mafi wuyar shiga kai shi ne cewa gas ɗin da bai kama ba ya fi wanda ya kama haɗari. Mutum ya shiga shago da asuba ya ji wari, abin da hannunsa zai fara yi shi ne laluben makunnin lantarki domin ya ga abin da ke faruwa. Ɗan tartsatsin da ke cikin makunnin ya isa. Haka kashe fitilar da take kunne, haka tayar da babur a bakin ƙofa, haka jan igiyar janareto don a gwada ko lafiya yake. Abin yi shi ne a rufe bawul ɗin tukunya idan hannu zai kai gare shi, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, a kashe garwashin mai shayi da na mai ƙosai da ke kusa, sannan a yi nisa kafin a buga waya. Ana tsayawa ne ta ɓangaren da iska ke tasowa, domin ta kwashe gas ɗin ta yi gaba da shi.

A ranar 4 ga Janairu, 1966, a matatar mai ta Fezan kusa da birnin Liyon na Faransa, ma'aikata suka buɗe bawul a ƙasan wani ƙaton tankin gas, sanyin gas ɗin ya daskarar da bawul ɗin ya ƙi rufuwa. Gas ya kwanta ya malala har kan titi, wata mota da ke wucewa ta kunna shi, wutar ta biyo sawunsa ta dawo gindin tanki. 'Yan kwana-kwana suka zo suka dukufa. Bayan fiye da awa ɗaya tankin ya yi bindiga, mutum 18 suka mutu, 11 daga cikinsu 'yan kwana-kwana ne. Waɗannan ƙwararru ne da kayan aikinsu. Abin da ya ci su shi ne abin da har yau jama'a ba su gane ba game da tukunyar da wuta ke lasa.

Bayanin kuwa mai sauƙi ne. Ƙasan tukunya, inda ruwan gas yake, ruwan yana shanye zafi yana kare ƙarfen, kamar yadda tukunyar miya ba ta ƙonewa muddin da ruwa a ciki. Samanta kuma, inda iska ce kawai, ƙarfen yana yin ja yana laushi, a daidai lokacin da matsin ciki ke ƙaruwa. Idan ƙarfen ya gaza sai ya tsage, ruwan da ke ciki ya tafasa gaba ɗaya a cikin ƙiftawar ido, ya zama dunƙulen wuta, ɓaraguzan ƙarfe kuma su yi tsalle nesa. Wannan bindigar tukunya ba ta zuwa a farkon gobara. Tana jira ne sai mintuna sun shuɗe, wato daidai lokacin da masu gudummawa da 'yan kallo suka gama taruwa. Shi ya sa littafin jagorar agajin gaggawa da ake amfani da shi a Amurka da Kanada da Meziko ya ce a kori jama'a aƙalla mita 100 ta kowace fuska idan irin wannan gas ya tsiyaye, idan kuwa tanka ce wuta ta kama, a kai su mita 1,600. Fiye da kilomita ɗaya da rabi ke nan. A nan kuwa, mai waya yakan tsaya taku ashirin daga tanka yana ɗaukar hoto.

Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, ta rasa fiye da mutum 150, mahaɗar Dikko ta Jihar Neja kuma fiye da 80 a watan Janairu na 2025. Duka biyun fetur ne ba gas ba, amma sun nuna halin taro idan ya ga tanka a ƙasa. Fetur ma ana ganinsa yana kwarara. Gas ba a ganin iyakarsa.

Sai batun kashe harshen wuta. Idan tiyon janareto ya tsage wuta ta kama a wurin, harshen da ake gani yana cinye gas ɗin da ke fita ne. Wanda ya watsa ƙasa ko ya fesa hodar kashe gobara ya kashe harshen, bai kuwa rufe tukunya ba, ya mayar da ƙaramar gobarar da ake gani ta zama gajimaren da ba a gani, ga kuma salansar inji da zafinta tana jira. Maganin wutar gas shi ne a yanke mata abinci. Idan wutar tana can wajen inji, tukunyar kuma ba ta yi zafi ba, sai a rufa hannu da jiƙaƙƙen tsumma a murɗa bawul. Da an rufe, inji zai mutu, harshen ma zai mutu, abin da ya rage na katako ko leda sai a kashe shi yadda aka saba. A nan ne amfanin dogon tiyo mai kyau yake, domin mai janareton da ya jingina tukunya a jikin inji ya hana kansa wannan dama tun kafin ranar ta zo. Idan kuwa wutar ta riga ta rungumi tukunyar, ko an ji ƙarar fitar gas tana ƙaruwa tana zama fito, ko an ga fenti yana ƙonewa, to lokacin jarunta ya wuce. Ba a ɗaukarta a jefa waje, ba a kwantar da ita, domin tukunyar da ke kwance ruwa take fitarwa maimakon iska. A kwashe mutane, a bar kaya. Ruwa yana da amfani wajen sanyaya tukunya, amma wanda za a feso daga nesa a bayan katanga, ba na bokiti ba, wanda sai an je gab da ita.

Motar CNG tana da nata sharaɗin. Tukunyar da aka ƙera bisa ƙa'ida tana da wata 'yar na'ura da ke narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 110, ta saki gas ɗin da gangan don kada tukunyar ta fashe. Idan ta saki, harshen wuta mai tsawo yakan fito da ƙarfi ta mafitar, saboda haka tsayawa daura da tukunyar ganganci ne. Wani abin mamaki kuma, watsa ruwa a kan na'urar yana iya sanyaya ta ya hana ta aiki, alhali wani gefen tukunyar yana ci gaba da gasuwa. A watan Fabrairu na 2024 tukunyar wata babbar motar CNG ta fashe a birnin Los Anjalis na Amurka, 'yan kwana-kwana 9 suka jikkata. Idan haka ta faru ga waɗanda aka horar, yaran tasha masu bokiti ba su da abin yi a wurin illa su fitar da fasinja, su tare hanya daga nesa, su gaya wa jami'ai tun a waya cewa motar mai CNG ce.

Akwai wani kisan da ba ya tare da wuta. Saboda injin gas ba ya baƙin hayaƙi kamar na fetur, wasu sun ɗauka ana iya kwana da shi a ɗaki ko a soro. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba iri ɗaya da ta kowane inji, marar launi marar wari, mai sa ciwon kai da jiri da barcin da ba a tashi. Wanda aka samu a haka, a fitar da shi sarari nan take a nufi asibiti.

Wanda ya ƙone

A nan ma al'ada tana da nata tanadin, mafi yawansa kuma ɓarna ne. Ana shafa wa ƙuna man goge baki, da ɗanyen ƙwai, da manja, da toka, wasu har da baƙin man inji. Duk waɗannan suna riƙe zafi a cikin fata, suna shigar da ƙwayoyin cuta, sannan su bar wa ma'aikacin asibiti aikin kankarewa, mai ƙuna yana ihu. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne a kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a kan wurin har tsawon minti 20. A cire zobe da agogo da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fizge tufar da ta manne, kada a fasa bororo, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Wanda rigarsa ta kama, a kwantar da shi ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo, domin gudu hura wutar yake yi. Wanda wuta ta bugi fuskarsa, gashin hancinsa ya babbake ko muryarsa ta dishe, shi za a fara kaiwa ko da yana tafiya da ƙafarsa, saboda maƙogwaronsa na iya kumbura ya toshe a hanya.

Masu cewa a hana

Akwai masu ganin cewa duk wannan dogon bayani ne, hanya mafi sauƙi ita ce hukuma ta haramta juya injina zuwa gas. Damuwarsu tana da tushe. A ranar 4 ga Janairu, 2020, wani shagon sayar da gas ya fashe a Sabon Tasha ta Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, Farfesa Simon Mallam, wanda aski kawai ya kai shi shagon da ke maƙwabtaka. Amma hani ba zai mayar da litar fetur Naira 200 ba. Manomin da gas ya rage masa kuɗin ban-ruwa ba zai daina ba, sai dai ya koma yi a ɓoye, bakaniken da ke juya masa inji shi ma ya koma lungu inda babu mai duba aikinsa. Gas da kansa bai fi fetur mugunta ba. Abin da ke kisa shi ne tiyon ruwa da aka sa a madadin na gas, da ɗaurin robar taya a madadin maɗauri na ƙarfe, da tukunyar da ta yi tsatsa ta wuce shekara 15 da Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta ƙayyade mata, da cika ta maƙil ba a bar sararin da ruwan zai kumbura idan rana ta yi zafi ba.

Rabon hukuma a nan a fili yake, ba ya kuma buƙatar dogon sharhi. A horar da kanikawa a ba su shaida, a tilasta liƙa alama bayyananna a jikin duk motar da aka juya, a bai wa 'yan kwana-kwana horo da kayan fesa ruwa daga nesa, a kuma tabbatar lambar gaggawa ta 112 tana shiga a kowace jiha. Sai dai ko an yi duk wannan, motar kashe gobara ba za ta riga maƙwabci isa ba, balle a lungunan tsofaffin birane inda ko Keke Napep da ƙyar yake shiga.

Rabon malamin makaranta

Warin da ake ji idan gas ya tsiyaye ba nasa ba ne. Gas ba shi da wari, wani sinadari ake zuba masa da gangan don hanci ya yi gargaɗi. Abin da ya sa wannan ya zama doka a wurare da yawa kuwa a makaranta ya faru. A garin Niyu Landan na Jihar Teksas ta Amurka, hukumar wata makaranta ta so ta rage kuɗin ɗumama azuzuwa, sai ta jona bututunta da ragowar gas ɗin da kamfanin mai ke zubarwa. Gas marar wari ya riƙa taruwa a ƙarƙashin ginin. Ɗalibai sun yi ta kukan ciwon kai, ba a kula ba. Ranar 18 ga Maris, 1937, ana dab da tashi, malamin koyar da sana'a ya kunna injin goge katako. Ginin ya ɗaga ya faɗi, ɗalibai da malamai kimanin 295 suka mutu. Cikin 'yan makonni majalisar jihar ta wajabta sa wa gas wari. Neman sauƙin kuɗi, da haɗin da ba ƙwararre ya duba ba, da koken yara da aka yi watsi da shi, babu ɗaya daga ciki da zai zama baƙo ga wanda ya san makarantun ƙasar nan a yau, inda ake girka abincin ɗaliban kwana da gas, ɗakin gwaje-gwaje yana da tukunyarsa, janareton ofishin shugaban makaranta kuma an juya shi.

Za a iya cewa manhaja ta riga ta cika, wannan kuma aikin malamin kimiyya ne. Malamin kimiyya zai bayyana dalilin da ya sa gas ke kamawa, da Turanci, don a ci jarrabawa. Amma a ranar gobara babu mai tuna Turanci, kuma uwar da yaron zai koma ya gaya wa a gida da Hausa za ta ji. Malamin Hausa ba ya buƙatar sabon darasi a jadawali, domin kayan aikinsa sun wadatar. Nassin auna fahimta yana iya zama labarin shagon da aka ji wari da asuba. Jigon insha'i yana iya zama bayanin yadda ake rufe tukunya. A darasin fassara a kawo gargaɗin da ke rubuce a jikin tukunya ɗalibai su mayar da shi Hausa, su yi gardama a kan kalmar da ta fi dacewa. A wasan kwaikwayo a sa ɗaya ya zama mai buga waya, ɗaya jami'i, a ga ko mai kiran zai iya faɗin unguwa da kwatance da irin gas ɗin da adadin waɗanda suka ji rauni cikin jimloli huɗu ba tare da salati ya cinye lokacin ba. Wannan ƙwarewar magana ce tsantsa, irin wadda ake horar da malamin harshe ya koyar.

Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji yana iya farawa tun makon farko, ba tare da ya jira umurnin kowa ba. Ya zagaya ya ga inda tukwanen gas suke, ko suna tsaye a inuwa a wurin da iska ke ratsawa, ko an kulle su a ɗaki ɗaya da inji. Ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo ya ga ko zai yi kumfa, kada ya bari a gwada da ashana. Ya tambayi wanda ke riƙe da makullin ƙofar baya, domin makarantu da yawa ƙofa ɗaya suke bari a buɗe saboda masu makara. Ya rubuta lambar ofishin kashe gobara mafi kusa a gefen allo tare da 112. Sannan ya nemi shugaban makaranta a ware wurin taruwa guda biyu, ba ɗaya ba, domin iskar ƙasar Hausa daga arewa maso gabas take tasowa da hunturu, da damina kuma daga kudu maso yamma, filin da ya zama mafaka a watan Janairu yana iya zama inda gas zai bi a watan Agusta. A kowane zango a buga ƙararrawa sau ɗaya ba tare da sanarwa ba, yara su fita a jere ba jaka ba gudu, malami na biye da rajista a hannu, ya kira suna ɗaya bayan ɗaya a wurin taruwa kafin a bar kowa ya koma aji.